Soson Vicky a Firizata

Litinin, 3 ga Maris, bayan an tashi kasuwa

Yau dai na ga Dakta Ernest da idona. Tun bara nake jin sunan nan a gidana, a kan shayi Ernest, a kan tuwo Ernest, ban taɓa ganin mai sunan ba. Na ɗauka tsoho ne mai sanƙo da tabarau. Ashe ba haka ba. Dogo ne, ba tumbi, takalmi a goge. Sana'ata sayar da firij da firiza 'yan beljiyom, na san kaya in na gani. Wannan ba na hannu ba ne, sabo ne dal a kwali.

Matata Vicky ce ta kawo shi shagona a Kakuri ya duba firizar baya. Tata ce, ni na ware mata, wadda ta fi kowacce riƙe sanyi. A ciki take ajiye aikin digirinta na biyu: 'yan kwalabe na roba kamar ɗan yatsa, jere a akwati, kowacce da ɗan soson kogi a ciki. Wutar gidanmu a Sabon Tasha ba abin dogaro ba ce, a shago kuwa ina da janareta. Alkawarinmu ke nan, in an ɗauke wuta in tayar da jen.

Ya buɗe, ya leƙa, ya ce, "Victoria, wannan ta yi. Kin yi sa'ar miji."

Victoria. Ni da na biya sadaki Maman Favour nake ce mata.

Da suka tafi a motarsa, Ambrose maƙwabcina mai kayan gyaran babur ya leƙo yana dariya. "Oga Tanko, wannan malami na madam, shi yana koyar da me?" Na ce soso. Ya ce, "Na wanka?" Na ce ya koma shagonsa.

Talata, 4 ga Maris, da rana

Ko motar tasa ba wata mota ba ce. Fenti ne.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Na tambaye ta a kan abinci, don kada a ce ban damu ba: wai me ake nema a jikin abin nan? Ta ajiye cokali. In Vicky ta ajiye cokali, ka shirya.

Ta ce soson kogi dabba ne, ba tsiro ba. Ba shi da kai, ba baki, ba hanji, ba jijiya, yana manne a dutse yana tace ruwa. Amma a jikinsa akwai ƙwayoyin gado irin waɗanda ke tsara ɗan tayi a cikin mace, masu cewa nan ne gaba, nan ne baya, nan za a huda ƙofa. Wai kayan aikin sun riga ginin zuwa duniya. Tun kafin a yi dabba mai kai da wutsiya, danginsu soso suna riƙe da su. Ita tana ƙyanƙyashe 'ya'yan soson a makaranta, ta daskarar da wasu a ranar farko, wasu a ta biyu, haka haka, don a ga wace ƙwaya ke fara farkawa kafin ɗan soson ya buɗe bututun da yake fitar da ruwa. Ƙarshen wata za a kai kwalaben wani ɗakin gwaji a Ibadan. In sakamako ya yi kyau, akwai gurbin karatu na shekara guda a Afirka ta Kudu.

Ni ma na zauna a kwalejin ilimi kafin kasuwa ta janye ni, ba jahili ba ne. Na ce, "To in ba shi da kai, me yake yi da abin tsara kai?"

Idonta ya kawo haske. Rabon da ta dube ni haka na manta. Ta ce, "Baban Favour, ka ga tambayar ke nan! Haka Ernest ya tambaye ni ranar farko."

Tambayar ma ashe ta hannu ce. Wani ya riga ni sawa.

Na ce wa zai je Afirka ta Kudun? Ta ce ita. Na ce da wa? Ta ce ai Ernest ne jagoran aikin, zai riƙa zuwa yana dawowa. Miyar kuka ce, na ce gishiri ya yi yawa.

Asabar, 8 ga Maris, da la'asar

Sun je kogi, can ƙasa da gada. Ta dawo wando jiƙe har cinya, taɓo a goshi, tana dariya tun daga ƙofa. Wai Ernest ya zame ya zauna daɓas a ruwa. Ta ba ni labarin, na yi dariya. Ta sake bayarwa a waya ga ƙanwarta, dariyar ta fi ta farko.

Ta ce dole su yi sauri, in damina ta sauka ruwa zai rufe duwatsun sai wata shekara. Ta taɓa cewa in raka su. Na ce Asabar ranar ciniki ce. Ba ta sake tambaya ba. Da ta sake, da na je.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Na bincika labarin Ernest a hankali, yadda ake binciken kaya kafin a taya. Yana da mata, ma'aikaciyar jinya ce a Makurɗi. Makurɗi! Nan da can tafiyar yini.

A ƙofar coci matar fasto ta ce, "Baban Favour, mun ji madam za ta ƙetare." Na ce da yardar Ubangiji, ni ne ma nake tura ta. Har na buga ƙirji. Bakina ya iya sayar da abin da ba ni da shi a shago.

Laraba, 12 ga Maris, da safe

Ta tafi Jos taron masu irin aikinsu, sai Litinin. Ta ce su huɗu ne a motar. Biyu na gani, ita da Ernest da ya zo ɗaukarta, wai za su ɗauki sauran a hanya.

Ta riƙe hannuna a bakin get ta ce, "Firizar nan amanarka ce. In ta narke, aikin shekara ya tafi." Na ce yaushe na taɓa bari? Gaskiya ne kuma. Ban taɓa ba.

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Taransifomar layin shagonmu ta yi ƙara ta yi hayaƙi. An ce sai wani mako. Na tayar da jen. Ambrose da rabin layi sun kawo wayoyinsu caji kamar kullum.

Alhamis, da yamma

Ta sa hoto a sitatus ɗin wayarta. Su biyu a gaban wani dutse. Ita sanye da jaket ta maza, ruwan ƙasa, hannun ya rufe mata yatsu. Shi a tsaye kusa da ita da shat kawai.

Na san duk kayan da ke akwatin Vicky. Ba ta da jaket ruwan ƙasa.

Na buɗe hoton na ƙara girmansa har fuskokin suka watse. Sauran mutum biyun, in akwai su, ɗaya ne ya ɗauki hoton. Ɗayan fa?

Juma'a, 14 ga Maris, da rana tsaka

Zafi yau kamar an kifa kasko a kan Kakuri. Kwanon shagon har ƙara yake.

Ambrose ya zo da wayarsa. Na ce jen na tari. Ya ce, "Oga, jiya yana lafiya. Bari ni duba fulogi, minti kaɗan." Na ce ya bar shi, na kira mai gyara. Ya dube ni, ya dubi jen, ya tafi caji wurin mai aski.

Wani Alhaji ya zo neman firiza saboda ƙanƙarar azumi. Ya ce a gwada masa. Na ce ba wuta. Ya nuna jen da sandarsa. Na ce ya dawo wani mako. Ciniki ya bi ƙofa ya fita ina kallo.

Asabar, 15 ga Maris

Ban buɗe ta ba. Firiza in ba a buɗe ba tana riƙe sanyi. Haka nake gaya wa kwastomomi.

Asabar, da yamma

Ba ta cire hoton ba, shi ya sauka da kansa. Ina da shi dai.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan coci

Ta kira muna fitowa. Muryarta a shaƙe, wai mura, Jos ta yi mata sanyi da safe. Ta ce, "Na ji an ce wutar Kakuri ta lalace. Komai lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "Allah ya bar mini kai." Ta kashe.

Ban ci abinci ba na wuce shago. Layin shiru, kowa ya rufe. Na ja igiyar jen, ya tashi bugu ɗaya.

Na sa tsumma na goge ruwan da ya tsiyayo daga firizar a ƙasa. Na gyara zaman akwatin. Na zauna a kan benci har rana ta yi sanyi, ina jin injin yana aiki. Kafin in rufe na leƙa. Komai ya yi tauri, fari fat, kamar yadda ta bar shi.

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Ta dawo da dankali da kabeji da tumatir ɗin Jos. Sai ta zaro wata leda daga ƙasan jaka ta miƙo mini tana murmushi.

Jaket ce. Ruwan ƙasa.

Ta ce, "A gwanjo na gan ta ranar da muka isa, na ce wannan ta Baban Favour ce, saboda in za ka Kano sari da asuba. Sanyi ya sa na fara sa maka ita, ka yi haƙuri, ban wanke ba."

Na sa. Ta zauna mini cif. Gumi yana bin bayana, ita tana juya ni tana gyara kwala. Na ce ya aka yi ta san za ta yi mini? Ta ce, "Ernest na sa ya gwada. Kafaɗarku ɗaya."

To. Ya dai sa ta ke nan. Ya riga ni.

Na rataye ta a bayan ƙofa. Ina jin ta a can ko ban duba ba.

Laraba, 19 ga Maris

Wuta ta dawo layinmu. Kowa na murna.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

An kwashe kwalaben a kula, an danne da ƙanƙara, wani ɗalibi zai kai Ibadan. Ni na ɗaure kular da hannuna. Da take fito da akwatin ta tsaya tana kallon ƙasan firizar, inda ƙanƙara ta kwanta sumul kamar gilashi. Ta ce, "Da haka take?" Na ce ai haka irin wannan samfurin ke yi. Ta gyaɗa kai. Wa zai yi musu da mai firiza a kan firiza?

Ernest ya ba ni hannu ya ce, "Oga Tanko, in takarda ta fito sunanka na cikin godiya." Na ce ba komai, yi wa kai ne.

Alhamis, 27 ga Maris

Tana waƙa a kicin. Ta fara tambayar yadda ake sabunta fasfo.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Sakamako ya zo. Babu komai. Abin da ake son karantawa a cikin kwalaben ya ruɓe tas, daga ta farko har ta ƙarshe.

Na same ta a ƙasan falo da kayan makaranta a jikinta, takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta kuka. Tana ta juya hannuwanta tana kallo. Ta ce, "Hannuna ne. Wataƙila ban sa safar hannu da kyau ba. Wataƙila na daɗe kafin in sa su a sanyi. Na zaci na iya, Baban Favour."

Na zauna na jawo ta. Ta kwantar da kai a ƙirjina, ta daɗe a haka. Wayarta ta yi ƙara, sunansa ne, ta kife ta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kifewar nan.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da rana

Ba ta ci. Na sayo mata kifi gasasshe a Sabon Tasha, ta tsakura ta ture.

Wai Ernest ya ce mata a gaban sauran ɗalibai, ba kowa aka yi don aikin gwaji ba, wasu koyarwa ta fi dacewa da su. Matata! Macen da ke tashi kafin kaji ta yi makin yaran da take koyarwa, ta dafa, ta shiga keke ta tsallaka gari. Shi wane ne? Na ce gobe zan je in same shi. Ta ce, "Ka bar shi, gaskiya ya faɗa."

Ba gaskiya ya faɗa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ba gaskiya ya faɗa ba. Ni na sani.

Talata, 8 ga Afrilu, da la'asar

Ta biyo shago daga makaranta, wai in sayar da firizar, ba ta da sauran amfani da ita. Tana tsaye tana ɓare takardar da ta manna a murfin sai ga Ambrose.

"Ah, madam! Sannu da zuwa. Ke kin rame fa. Oga ba ya ba ki abinci?"

Ta yi murmushin dole ta ce zafi ne.

"Zafi, ko? Wancan lokaci ke kin tafi Jos, mu mun sha wuta a nan. Ba lantarki, mijinki kuma ya hana mu caji. Juma'a, Asabar, jen shiru. Ni na ce bari ni duba, shi ya ce a'a. Wayo ne, madam, ba ya son ƙona mai!"

Ya yi dariya shi kaɗai. Na ce masa ana kiransa a shago. Ya ce ba wanda ke kira. Ya dubi fuskarta, ya dubi tawa, sai ya tuna ana kiransa.

Vicky ta gama ɓare takardar a hankali, ta ninke ta, ta sa a jaka. Ta dubi jen a lungunsa.

Ta ce, "Ya warke?"

Na ce wa?

"Jen ɗin."

Na fara bayani, fulogi, kabireta, mai gyara da bai zo ba. Bakina na tafiya da kansa kamar gaban kwastoma. Ta bari na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Tanko, mako guda ina zagin hannuna kana shafa mini kai."

Tanko. Ta tare keke ta hau.

Laraba, 9 ga Afrilu, da safe

Ta tafi Gonin Gora wurin Mama, mahaifiyarta. Jaka ɗaya. Ta bar miya a tukunya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na kira, tana ringin. Na sake, a kashe.

Shi dai nasa kiran ana ɗauka, na tabbata.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da yamma

Na je da lemo da burodi. Mama ta tare ni a baranda, ba ta ce in shiga ba. Tana gyaran wake a faranti.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Lafiya, surukina. Me ka yi wa 'yata?"

Na ce ɗan saɓani ne, Mama. Ta ce, "Ka doke ta?" Na ce Allah ya kiyaye. "Mace ka ajiye a waje?" Na ce ko kusa. Ta ce, "To ni na rasa. Na tambaye ta, ta ce wuta ce aka ɗauke. Wuta kuma tun ina budurwa ake ɗauke ta, ban ga wadda ta bar gida a kai ba." Ta karɓi burodin ta ce in gaida gida. Wane gida?

Ta taga na hango gefen labule ya motsa.

Talata, 15 ga Afrilu, da hantsi

Ernest ya zo shago. Shi kaɗai. Na miƙe ina lissafin inda sifana yake.

Ashe haƙuri ya zo bayarwa. Wai Victoria ta kira shi ta ce firizar ce ta samu matsala a cikinta, tana saki tana kamawa ba wanda ya lura. Ya ce ya yi mata maganar da bai kamata ba, ya roƙe ta gafara, ya ga ya dace ni ma ya roƙe ni. Ya ce, "Kada ka zargi kanka, Oga Tanko. Inji ne."

Inji ne. Haka ta gaya masa. Ta ɗora wa firizata, wadda ta fi kowacce lafiya a Kakuri, kuma dole na tsaya ina gyaɗa kai ana ɓata mini kaya.

Ya ce Ibadan sun yarda su jira zuwa ƙarshen Mayu, in an samu sabon soso kafin ruwa ya taso. Amma Victoria ta ce ta gaji, ba za ta koma kogi ba. Ya ce in lallashe ta, ni take jin maganata.

Ya san ta gaji. Ya san abin da ta ce da abin da ba za ta yi ba. Ni mijin sai a bakinsa nake jin labari.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Na yau ke nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

Ban buɗe shago da safe ba. Na ɗauki bokiti biyu na gangara ƙasa da gada. Masu haƙar yashi suka nuna mini wurin, suka ce, "Inda madam mai tsintar duwatsu take shiga? Ga shi can, ita da dogon nan." Har masu yashi sun san su tare.

Na naɗe wando na shiga. Santsi kamar an zuba kuɓewa. Na juya duwatsu har na fara ganinsa, wani abu manne a ƙasansu kamar busasshen ƙullu, toka-toka, da ƙananan huji. Na cika bokitan. Shi Ernest da digirinsa zamewa ya yi, ni ko gwiwa ban kai ƙasa ba.

Amma kayan ba su ganuwa. Ƙarni, taɓo, ga wasu ƙwayoyin datti ruwan ƙasa kamar riɗi cushe a gindin kowanne. Ni ban taɓa kai wa mutum kaya a haka ba. Firij in ya sauka daga tirela, komai tsufansa, sai na wanke shi ya yi ƙyalli kafin ido ya gan shi. Na kai su bayan shago, na sa omo da ɗan bilic, na bi kowane dutse da tsohon buroshin haƙori, na kankare ƙwayoyin nan tas. Na shanya su a rana. Sun yi fari, ba wari ko kaɗan. Na jera su a sabuwar kula, na shimfiɗa tawul a ƙasa.

Ambrose ya leƙo ya ce, "Oga, yanzu dutse kake sayarwa?" Tun ranar nan yake neman hanyar yi mini magana. Ban kula shi ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan sujada

Gonin Gora. Wannan karon ta fito da kanta, da zanin Mama a jikinta. Na ajiye kular a gabanta na buɗe, na ja baya yadda nake yi in na san kaya za su sayar da kansu.

Ta tsuguna. Ta ɗauki dutse ɗaya ta juya. Ta kai hanci.

"Me ka sa musu?"

Na ce ɗan omo ne kawai. Da bilic kaɗan.

"Akwai wasu ƙwayoyi a gindinsu, ƙanana, ruwan ƙasa."

Na ce kada ta damu, na cire dattin duka, da buroshi na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta zauna a ƙasa. Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne. Dariya ce, irin wadda ke fita da hawaye. Mama ta leƙo ta ce lafiya? Vicky ta ce, "Mama, ya wanke su! 'Ya'yan ne, Tanko. Su nake ƙyanƙyashewa. Su ne aikin gaba ɗaya. Ka shiga kogi ka samo su da yawa haka, ka zauna ka kashe su da buroshi."

Mama ta ce, "Ai dai sun yi tsabta," ta koma ciki.

Na tsaya riƙe da murfin kula. Ta share ido da bakin zani, dariyar ta tafi kamar ba a yi ba. Ta ce, "Wannan ban ji haushi ba. Wannan rashin sani ne." Ta bar maganar a nan, ni ma ban ɗauka ba.

Can ta ce, "A ina ka same su da yawa haka?" Na ce wani lungu bayan inda masu yashi ke loda, ba inda suke zuwa ba. Ta ce akwai saura? Na ce ko rabi ban taɓa ba.

"Gobe da sassafe, in ruwa bai sauka ba. Za ka nuna wurin, ka riƙe bokiti. Ba za ka taɓa komai ba."

Na ce mu biyu? Ta ce Ernest zai tuƙa mu. Na ce gida fa? Ta ce, "Bokiti na ce."

Asabar, 19 ga Afrilu, da yamma

Ruwa bai sauka ba. Mun je. Ni a kujerar baya da bokiti tsakanin gwiwoyi, su a gaba suna magana da sunaye masu tsawo. Amma a kogi ni ne a gaba, su suna bina. Ernest ya ce, "Kai, Oga Tanko, wannan wuri!" Na bar shi ya faɗa sau biyu.

A hanyar dawowa ya ce wannan karon sai a nemi wata firiza, ko ta wani abokinsa a Barnawa. Vicky tana kallon titi ta ce, "A'a. Ta Kakuri. An gyara ta."

Da ya sauke mu a bakin shago ya tafi, ta miƙo tafin hannu. Na ce me? Ta ce makulli. Na shago, da na kwaɗon jen, da na biyun shagon wanda nake ajiyewa saboda ɓacin rana. Ita za ta riƙa zuwa daga Gonin Gora kullum da safe kafin makaranta ta buɗe mini, ta duba firizarta, da yamma ta dawo ta duba ta rufe. Har a gama.

Namiji da gemunsa, a tsaye bakin shagonsa yana jiran a zo a buɗe masa. Ambrose zai samu abin dariya har Kirsimeti. Na zare su daga zobe na ba ta.

Sai da keke ya tafi da ita na zauna na auna cinikin. Safe da yamma. Kullum. Ko lokacin da take gida ban cika samun haka ba.

Na kira ta tun ba ta yi nisa ba, ta ɗauka. Na ce tambaya ɗaya: shi Ernest ba za a yanka masa nasa makullin ba, ko?

Ina jin ƙarar keken. Ta ce, "Ka zo da wuri ran Litinin, Baban Favour. Ba na son jira."